Shekara Huɗu Ina Jinyar Cutar Da Ba Ni Da Ita

Hutun da ya wuce na koma gida Achilafiya. Ran nan da hantsi ina kakkaɓe ɗakinmu sai na ɗaga katifar autarmu. Kamfai biyu na gani a shimfiɗe a ƙarƙashi, an wanke su amma ba su bushe ba, har sun fara warin danshi. Na daɗe a tsaye riƙe da gefen katifar. Yarinyar shekararta goma sha biyu. Ba sai an gaya mini ba, na san abin da take ɓoyewa, domin shekara goma da suka wuce, a wannan ɗakin, kusan ma a wannan lungun, nan nake shanya nawa.

Shi ya sa da aka ce a kawo rubutu don mujallar ƙungiyar ɗalibai ta bana, na ajiye wanda na fara a kan tsadar kuɗin mota tsakanin Kazaure da Kano, na ɗauko wannan. Na san akwai masu cewa wannan ba ta da kunya. Na kuma san samarin ajinmu za su karanta, wasu har su yi ta ƙoƙarin gano wace ce. To, ku karanta ɗin. Kuna da ƙanne mata, wata rana za ku yi aure, ku haifi 'ya'ya mata. Maganar farin ruwa zan yi, wanda yake fito wa mace ta gabanta, wanda kusan kowa a wajenmu yake kira sanyi.

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare na fara ganinsa, tun ban fara al'ada ba. Da farko na ɗauka guntun fitsari ne ya kuɓuce mini. Da na duba da kyau sai na ga ba fitsari ba ne, abu ne fari-fari mai ɗan yauƙi, in ya bushe a jikin kamfai sai ya yi ɗan rawaya. Ba ya ciwo, ba ya ƙaiƙayi, ba ya wari. Amma kullum sai na gan shi, kuma ba a taɓa gaya mini akwai wani abu da ke fita daga jikin mace ban da fitsari da jini ba.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce, to me ya hana ki tambayi mahaifiyarki? Ni 'yar fari ce. Inna ba ta faɗin sunana, "ke" take cewa, ko "waccan". In baƙi sun zo ba ta zama kusa da ni, in an yabe ni a gabanta sai ta kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, alkunya ce, haka ita ma aka yi mata, kuma na san in na yi zazzaɓi ba ta barci. Amma macen da ba ta iya kiran sunanki, ta yaya za ki ce mata, Inna zo ki ga abin da ke jikin kamfaina? Goggo kuwa, ƙanwar Baba, da ita ake irin wannan magana, sai dai duk abin da ya shiga kunnenta kafin la'asar ya zagaye unguwa.

Wanda ya fara yi mini bayani mai maganin gargajiya ne, da lasifika a kan rufin mota, ranar kasuwa. An aike ni sayen manja da daddawa, sai na ji yana jero alamomin sanyin mata: farin ruwa, ciwon mara, ciwon baya, kasala, ƙurajen fuska. Ya ce in aka bar shi sai ya cinye mahaifa, mace ta yi aure shekara goma ko ɓatan wata ba ta yi ba. Na tsaya cak da kwalbar manja a hannu. Farin ruwa ina da shi. Ƙurajen fuska sun fara fito mini. Kasala kuwa, wace yarinya ce mai ɗebo ruwa da surfe da daka ba ta gajiya? A tsaye a tsakiyar kasuwa na yanke wa kaina hukunci: ni juya ce.

Kuma na san abin da kalmar nan take nufi, don akwai wata a maƙwabtanmu da ake kira haka a bayan idonta. Na ga yadda ake yi mata a gidan suna, a miƙa mata jariri ana kallon fuskarta. Na ga ranar da aka kawo mata kishiya. Ina shekara goma sha biyu nake kwanciya da dare ina lissafin yadda tawa rayuwar za ta kasance.

Akwai tsoro na biyu da ya fi wannan muni. Kalmar sanyi a Hausa kaya da yawa aka ɗora mata. Ciwon gaɓoɓi sanyi ne, mura sanyi ce, sannan cutar da ake cewa 'yan iska ke ɗauka wajen neman mata, ita ma ciwon sanyi sunanta. Ke nan in na buɗe baki na ce ina da sanyi, tambayar da za ta biyo baya ita ce, a ina kika samo? Na san ban aikata komai ba. Amma na san kuma yarinya ba ta cin irin wannan shari'ar.

Da aka mayar da ni makarantar kwana sai na samu amsar da ta ɗan kwantar mini da hankali. Manyanmu suka ce ai wannan infekshan ne na banɗaki, tururin masai ne ke shiga jikin mace in ta tsuguna. Wallahi har daɗi na ji, ashe ba ni kaɗai ba ce, kuma laifin masai ne ba nawa ba. Daga nan muka ƙaurace wa banɗakin makaranta. Mu ƙi shan ruwa da rana don kar fitsari ya matse mu, mu riƙe shi tun daga asembili har a tashi, in dare ya yi mu zagaya bayan katanga biyu-biyu da tocila. Riƙon fitsarin da ƙarancin shan ruwan suka jawo mini fitsari mai zafi har sau biyu, shi ma na sa shi a lissafin sanyi. A watan Oktoba na 2022, da aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da yin bahaya a fili, na yi murna kamar kowa, amma sai da na tuna da mu a bayan katangar nan. Mu ba rashin masai ne ya kai mu can ba, tsoronsa ne.

Sai magani. Duk abin da wata ta ce ya yi mata aiki sai na gwada. Na zauna a ruwan ɗumi da gishiri. Na dafa bagaruwa na yi tsarki da ita. Na riƙa wanke ciki da sabulu mai magani, safe da yamma, har wurin ya riƙa raɗaɗi, ni kuma ina ganin raɗaɗin alama ce cutar tana mutuwa. In an zo hutu na tara kuɗin da aka ba ni na kashewa, na tafi kemis ɗin da ba a san ni ba, na tsaya sai kowa ya watse, na ce, "Wai in ji yayata a ba ta maganin sanyi." Ni da ba ni da yaya. Mai kemis bai taɓa tambayata komai ba. Zai ɓallo kafso kala biyu da wasu ƙwayoyi farare, ya ƙulla a leda, ya ce safe da rana da dare. In kuɗin bai kai ba ya ba ni na kwana biyu.

Bayan zagaye na biyu ko na uku na kafson nan ne ciwo na gaskiya ya zo. Ƙaiƙayi kamar an zuba mini ƙaiƙayin gero, in ina aji sai na riƙa mutsu-mutsu a kan benci, da dare na yi ta susa har fata ta tsage. Ruwan ma ya canza, ya yi kauri, gudaji-gudaji kamar awarar da aka marmasa. Ni kuwa sai na ce, ka ji ko, abin da mai lasifika ya faɗa ne, sanyin ya yi ƙarfi. Na ƙara sabulu. Na koma kemis. Haka na yi ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, daga aji ɗaya har na shiga aji biyar.

Ban taɓa gaya wa kowa ɓangaren sallah ba sai yanzu. A Islamiyya mun ji an ambaci maniyyi da maziyyi da wadiyyi, amma malaminmu namiji ne, in ya zo babin haila da wanka sai ya ƙara sauri, mu kuma mu sunkuyar da kai muna wasa da bakin hijabi. Babu mai tambaya. Na fita da rabin sani, na ɗauka duk abin da ya fito fari wanka ne ya wajaba. Akwai wani hunturu da na yi ta wanka da ruwan randa kafin asuba, haƙorana na kaɗawa, sannan in idar da sallah in zauna ina shakka ko ta karɓu. Sai daga baya, da muka samu malama mace, ta zaunar da mu ta ce wannan ruwan ba ya wajabta wanka. Maganar alwala ce malamai suka yi bayani a kai, kuma wadda yake zubo mata ba yankewa an yi mata sauƙi. Ta nuna mana a Risala cewa farin ruwan da ke zuwa a ƙarshen al'ada, wanda ake kira farar kumfa, yana cikin alamomin da mace ke gane ta yi tsarki. Ta ba mu labarin da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, yadda matan Madina suke aika wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, auduga da abin da suka gani a jikinta don ta duba musu. Na yi ta juya wannan a raina. Mata suna naɗe auduga su aika gidan Manzon Allah a duba, ni kuwa na kasa nuna wa uwar da ta haife ni.

Wadda ta tsinka igiyar wata malamar asibiti ce, dattijuwa, ranar da aka kai ni da zazzaɓin cizon sauro ina shekara goma sha shida. Ta ga ina ta gyara zama sai ta ce wa Goggo ta ɗan jira a waje. Ta ce, "'Yata, akwai abin da ke damunki ban da zazzaɓin nan?" Kuka ne ya fara zuwa kafin magana. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi mini tambayoyin da a shekara huɗu babu wanda ya yi mini: Wane launi ne? Yana wari? Tun farko yana ƙaiƙayi, ko daga baya ne? Me da me kika sha? Da na lissafo mata sai ta riƙe haɓa. Ta rubuta mini maganin ƙaiƙayin, ta ce, "Na farkon nan da kika gani ba ciwo ba ne, girma ne. Wannan na yanzu ke kika jawo shi da kafso da sabulu. Ki bar wurin nan ya huta. Ruwa kawai, daga waje kawai." Cikin mako guda ƙaiƙayin ya tafi.

Gaskiya rabin yarda na yi da ita. Farin ruwan bai daina zuwa ba, kuma muryar mai lasifika ba ta bar kaina ba. Sai bara, da na je SIWES a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, na ga abin da idona. Ana kawo tsinken auduga da aka shafo daga gaban mace, mu shafa a gilashi, mu rina shi da rinin Gram, mu sa a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Rana ta farko na ga wasu 'yan sanduna sirara masu launin shuni sun cika fili, na ɗago da sauri na ce wa ogan da ke koya mana, "Yallaɓai, wannan ai ta kamu sosai." Ya leƙa, ya yi dariya, ya ce wannan ta fi kowa lafiya a yau.

Sunansu laktobasilas. Wani likita Bajamushe, Albert Döderlein, shi ya fara bayaninsu a 1892. Danginsu ɗaya da ƙwayoyin da ke mayar da madara kindirmo, kuma aikinsu kusan iri ɗaya ne: suna samar da tsami. A ma'aunin pH da muke yi a aji, gaban mace baliga mai lafiya yana tsakanin 3.8 da 4.5, kuma wannan tsamin ne yake hana miyagun ƙwayoyi sakewa. Lokacin da yarinya ta doshi balaga, sinadarin estirojin yana ƙaruwa a jikinta, bakin mahaifa ya fara fitar da majina, bangon farji ya riƙa zubar da tsofaffin ƙwayoyin halittarsa, waɗannan 'yan sanduna su samu abinci su yawaita. Haɗuwar wannan duka shi ne farin ruwan. Yakan fara kamar wata shida zuwa shekara ɗaya kafin jinin farko. Wato abin da na gani ina aji ɗaya sallama ce jikina yake yi mini, al'ada na tafe. Kuma ba ya tsayawa a kama ɗaya: wajen tsakiyar wata, lokacin sakin ƙwai, kimanin kwana goma sha huɗu kafin al'ada ta gaba, sai ya yi garai-garai yana jan zare kamar farin ɗanyen ƙwai, daga baya ya koma fari mai ɗan kauri. Mai yauƙin nan da na fi tsana, shi ne ma alamar jiki yana shirin haihuwa. Abin da na ɗauka shaidar zama juya ce.

A nan na gane abin da na yi wa kaina. Kafson da na yi ta sha ba ya tantance ƙwayar kirki da ta banza, duka yake kashewa. Sabulu da wanke ciki kuma suna kwashe tsamin. Da masu gadi suka mutu sai kandida, wani nau'in yis da dama can yana zaune a jikin mata da yawa bai dami kowa ba, ya samu fili ya bazu. Shi ne mai ƙaiƙayi da ruwa kamar awara. Kusan mata uku cikin huɗu sukan yi shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa, budurwa da matar aure, kuma ba ruwansa da tururin masai. A duk littattafan da muka karanta babu wata cuta mai suna infekshan na banɗaki. Masai mai ƙazanta yana yaɗa gudawa da taifot da tsutsar ciki, wannan gaskiya ne, a wanke shi, a wanke hannu. Amma ba shi ke kawo farin ruwa ba.

Kar wata ta karanta wannan ta ce na ce duk ruwan da ya fito lafiya ne. A'a. Akwai mai tsinkakken ruwa, launin toka-toka, mai ƙarni kamar na kifi. Wannan alama ce wasu bakteriya sun rinjayi masu gadin, kuma yawan wanke ciki da cushe-cushe na cikin abin da ke jawo shi. Akwai mai kore-kore ko rawaya mai kumfa, wanda wata ƙwaya mai suna tirikomonas ke kawowa ta hanyar saduwa. Sau ɗaya na gan ta da rai a madubi, tana ta wutsil-wutsil. Kowanne da maganinsa daban, shi ya sa ƙullin leda ɗaya ba zai yi wa kowa ba. Su kuwa cututtukan da suke iya toshe hanyar ƙwai har su hana haihuwa, gonoriya da kilamidiya, ta saduwa ake ɗaukarsu, kuma sau da yawa mace tana ɗauke da su ba ta ga wata alama ba sam. Mai lasifika ya ɗauko gaskiyar cuta ɗaya ne ya yafa wa kowace mace, don kowace mace ta sayi kwalba. Ku kuma 'yan'uwa maza, a ɗakin gwajin nan na sha ganin matar aure ta dawo karo na biyu da na uku da cuta iri ɗaya, saboda an ce ta zo da maigida a yi musu magani tare, shi kuma ya ce lafiyarsa ƙalau, ciwon mata ne.

Duk da haka ni na tsira da sauƙi, kuɗi na yi asara da barci. Wadda ba na mantawa ita ce ƙawata ta aji uku, gadonta na kusa da nawa. 'Yar wani ƙauye ce da ke bakin tafki, a ruwan nan suke wanki da wanka tun suna yara. Ita nata ruwan da ɗigon jini yake zuwa ba lokacin al'ada ba, ga ciwon mara da ba ya sakinta. Ta fi ni ƙarfin hali, ta faɗa a gida. Aka kai ta wajen wani mai duba marasa lafiya, ya ce irin wannan ciwon sai wadda ta san namiji. Da ta dawo daga hutu ta ba ni labari muna kwance, murya ƙasa-ƙasa, yadda aka rufe ta a ɗaki ana tambayarta, wa ya taɓa ki? Ta rantse da Alƙur'ani. Zangon da ya biyo baya ba ta dawo ba, sai labarin ɗaurin aurenta muka ji.

Bayan shekara biyu, da ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aka kai ta Kano, aka gano tsargiya ce. Tsargiyar da muka sani, ta fitsarin jini. A ƙauyukanmu in yaro namiji ya yi fitsari da jini ba a ko ɗaga kai, wasu ma cewa suke alamar ya fara zama namiji ne. Tsutsar tana girma a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, ba sai ya sha ba. Abin da ba a gaya mana ba shi ne, a jikin mace ƙwayayen tsutsar sukan maƙale a bakin mahaifa da bangon farji, su kawo ruwa, da jini, da ƙaiƙayi, da ciwo, alamomin da suka yi kama da na cutar saduwa har ma'aikacin lafiyar da bai saba ba ya ruɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke ɗauke da wannan a Afirka kudu da Sahara. Maganin tsutsar shi ne firazikwantel, ƙwayar nan da ake raba wa 'yan firamare bayan an auna tsayinsu a jikin sanda, wadda wasunmu suke jefarwa ta taga saboda ɗaci. In an sha da wuri ana kauce wa ɓarnar. In ta daɗe, tabon da ta yi a ciki ba lalle ya goge ba. Ƙawata ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Da yanzu wataƙila tana nan tare da mu, a sashen kwamfuta ko injiniya. Babu wanda ya je ya ba ta haƙuri a kan ɗakin da aka rufe ta.

Ko a nan hostel ɗinmu abin bai canza sosai ba, sai dai lasifikar ta koma cikin waya. Kullum sai an turo wani haɗi a WhatsApp, ko wata mai kayan mata ta fito a TikTok tana cewa mace mai tsabta a bushe take ƙayau. Na ga masu cusa tafarnuwa, na ga masu matsa miski a ciki, na ga mai shan Flagyl duk ƙarshen al'ada wai wankin mara. Mu da muke karatun difloma ke nan. In na yi magana wasu su ce, to likita, wasu kuma su biyo ni ɗaki bayan an kwanta, su tsaya a bakin ƙofa suna kame-kame, "Dama wata ƙawata ce take tambaya." Ina gane wannan ƙawar. Ƙanwar yayata ce da nake sayo wa magani a kemis.

To, na dawo kan katifar auta. Na kwashe kamfan nan na sake wanke su, na kai bayan ɗaki inda rana ke bugawa na shanya a igiya. Da ta dawo daga makaranta ta hango su sai ta tsaya kamar an dasa ta. Ban ce komai ba sai dare, muna ɓarar gyaɗa mu biyu a tsakar gida. Na ce, "Auta, yaushe ya fara zuwa miki?" Ta yi shiru har na ɗauka ba za ta amsa ba. Can ta ce tun bayan babbar sallah. Na yi mata tambayoyin malamar asibitin nan ɗaya bayan ɗaya. Ba wari, ba ƙaiƙayi, ba jini. Na ce lafiyarki ƙalau, al'ada ce ke tafe, mai yiwuwa kafin baɗi war haka. Na ce ta wanke waje da ruwa kawai, in ta yi bayan gida ta yi tsarki daga gaba zuwa baya, ta shanya kayanta a rana, ta daina riƙe fitsari, ta rage shiga kududdufi da damina. In ta ga ya koma kore ko toka, ko ya yi ƙarni, ko ƙaiƙayi, ko jini ba lokacinsa ba, ko mara ta riƙe da zazzaɓi, ta kira ni a wayar Baba ta ce tana son magana da Yaya, ni zan zo in kai ta asibiti da kaina, ba kemis ba.

Ta daɗe tana murza ɓawon gyaɗa a hannu. Sannan ta ce, "Yaya, to zan haihu?" Ashe ita ma ta je kasuwa. Na ce haihuwa ta Allah ce, amma wannan ruwan ba ya hana ta, ni ma ina ganinsa, Inna ma haka, duk macen da kika sani haka. Ta zaro ido ta ce, "Har Inna?" Muka yi dariya har muka ji an yi gyaran murya daga ɗaki. Ashe ba ta yi barci ba.

Ranar da zan dawo makaranta, na ɗauki jaka na durƙusa ina sallama, Inna tana tankaɗe ba ta ɗago ba. Ta kwance bakin zaninta ta ajiye kuɗi a kan faifai, ta tura shi gabana da ƙafar muciya. Ta ce, "Ke, in kin isa Kazaure ki sayo wa 'yar'uwarki irin na auduga ɗin da kika ce, guda shida. Da audugar matan. Ki ba direba ya kawo, ki ƙulle a baƙar leda."